Tsakanin ƙananan filayen jirgi biyu: kai tsaye, ta zango, ko ta ƙasa?

Idan ka rubuta sunayen filayen jirgin sama biyu a intanet ka nemi nisan da ke tsakaninsu, kafin ka ƙifta ido an ba ka lamba. Kilomita kaza, mil kaza, wani lokaci har da mintocin da wai jirgi zai yi. Mutane da yawa a kan wannan lamba suke gina shirin tafiyarsu, musamman idan filayen biyu ƙanana ne, ɗaya a wannan ƙasa ɗaya a waccan, kuma a taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Lambar gaskiya ce, amma ba ita ke faɗa maka ƙarfe nawa za ka isa ba, kuma ba da ita kaɗai ya kamata ka zaɓi tikiti ba.

Ga yadda ake samun lambar. Ka ɗauki ƙwallon taswirar duniya irin wanda ake ajiyewa a aji, ka danne zare da yatsa a kan gari ɗaya, ka ja shi ya miƙe zuwa ɗaya garin. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta a kan doron ƙasa. Kwamfuta haka take yi, sai dai da lissafi: tana ɗaukar matsayin kowane fili, ta ɗauki duniya a matsayin ƙwallon da daga tsakiyarsa zuwa bayansa kimanin kilomita 6,371 ne, ta fitar da tsawon zaren. Sai a kula da ma'aunin da aka ba ka. Mil na ƙasa mita 1,609 ne, mil na teku kuwa, wanda matuƙan jirgi ke aiki da shi, mita 1,852 ne. Kilomita 500 su ne mil 311 na ƙasa, su ne kuma mil 270 na teku. Na sha ganin mutum biyu suna musu kan nisan wuri, kowa riƙe da wayarsa, alhali dukansu suna da gaskiya, ma'auni ne kawai ya raba su.

Jirgi kuwa ba ya bin zaren daidai. Yana tashi ne ya fuskanci inda iska ke fitowa, ko da bayansa ne ya ba inda za shi, sannan ya juyo. A sama akwai hanyoyi shatattu da masu kula da zirga-zirgar jirage ke ɗora shi a kai, akwai wuraren da soja suka keɓe, akwai hadarin da dole a kewaye, akwai jiran layi kafin sauka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita kanta idan tana lissafin hayaƙin da tafiya ke fitarwa takan ƙara kilomita 50 a kan duk tafiyar da ba ta kai kilomita 550 ba, ta ƙara 100 a kan wadda ta kama daga nan zuwa 5,500. Siyasa ma tana lanƙwasa hanya: tun da aka rufe wa jiragen Turai sararin samaniyar Rasha a 2022, tafiya daga Helsinki zuwa Tokyo da ake yi cikin awa 9 da wani abu ta koma kusan awa 13, garuruwan kuwa ba su matsa ko taku ɗaya ba.

Bari mu ɗauki filaye biyu na gaske, domin magana a kan iska ba ta zaunuwa. Aberdeen tana gabar arewa maso gabashin Sikotilan a Birtaniya, Stavanger tana gabar kudu maso yammacin Noway, Tekun Arewa ne a tsakaninsu. Dukansu garuruwan mai ne, man da ake haƙowa a ƙarƙashin wannan teku shi ya haɗa su zumunci, injiniyoyi da ma'aikatan rijiyoyi kullum suna kai da kawo. Filin Aberdeen yana Dyce, alamarsa a tikiti ABZ, na Stavanger yana Sola, alamarsa SVG. Babu wanda ya kai girman babban filin ƙasarsa. Zaren da ke tsakaninsu kimanin kilomita 500 ne.

Wanda zai yi wannan tafiya, abu na farko da zai duba shi ne jirgin kai tsaye, irin wanda kamfanin Widerøe na Noway ya daɗe yana yi da jirage masu farfela. Awa ɗaya da 'yan mintoci an sauka. A nan mutane kan ruɗe da agogo, domin Noway tana gaba da Birtaniya da awa guda. A ce ka tashi Aberdeen ƙarfe 10, tikiti zai nuna saukarka wajen 12 da kwata, ka ɗauka tafiyar awa biyu ce. A dawowa kuma ka tashi ƙarfe 10 ka sauka 10 da kwata. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da aka ambata ne.

Akwai masu ƙyamar jirgi mai farfela, da sun gan shi a fili gabansu ya faɗi, suna ganin tsohon yayi ne. Ban yarda da wannan ba, musamman a gajeriyar tafiya. A cikin masu farfela, Dash 8 Q400 yana gudun kusan kilomita 650 a awa, ATR 72 wajen 500, jirgin jet irin A320 ko Boeing 737 kuwa wajen 830. Ka raba kilomita 500 da waɗannan, za ka ga jet minti 36, Q400 minti 46, ATR awa guda. Kuma wannan lissafin takarda ne, kamar jirgi yana cikakken gudunsa tun daga ƙofa. A zahiri jet kafin ya gama hawa ya daidaita an fara shirin sauka, sai tazarar ta ƙara tsukewa. Abin da za ka biya a jikinka shi ne ƙara, wadda ta fi yawa a kujerun da ke daura da farfela, da ɗan jijjiga, tunda waɗannan jirage ba sa wuce tsayin kimanin mita 7,600, inda yanayi ya fi taɓa su, alhali jet yana hawa mita dubu 10 zuwa 12. Sannan ma'ajiyar kaya ta sama ƙarama ce. Jakar hannun da ta shige babban jirgi salin alin, a nan za a karɓe ta a gindin matakala a liƙa mata takarda, sai an sauka ka tsaya a gefen jirgi a miƙo maka. Duk wanda ya san haka yakan cire magani da fasfo da kwamfuta tun kafin ya fito fili.

Raunin jirgin kai tsaye tsakanin ƙananan filaye ba a cikin jirgin yake ba, a jadawalinsa yake. Irin wannan hanya sau ɗaya ko biyu ake yi a rana, wata ma sau uku a mako, kuma sau da yawa babu tashi ranar Asabar. Idan hazo ya rufe fili, kamar yadda hazon teku kan rufe Aberdeen a lokacin bazara, ko jirgin ya sami matsala, babu wani a ajiye da zai maye gurbinsa nan take. Babban fili zai tura ka jirgin da ke bi bayan awa biyu, ƙaramin fili kuwa sai ya ce maka sai gobe. Saboda haka kafin ka yi murnar samun jirgin kai tsaye, ka buɗe jadawalin mako gaba ɗaya ka ƙirga. Idan jirgin kullum yana tashi, hankalinka ya kwanta. Idan Litinin da Alhamis ne kawai, kuma abin da za ka je yi ba ya ɗaguwa, to ka san a kan siririn reshe kake.

Hanya ta biyu ita ce yada zango a babban fili. Daga Aberdeen za ka iya bin jirgin kamfanin KLM zuwa Amsterdam a Holan, kimanin kilomita 700, ka canza jirgi ka nufi Stavanger, kimanin kilomita 730. Jimilla sama da 1,400, wato kusan ninki uku na zaren. Ka yi kudu mai nisa domin ka dawo arewa. Kowane ɓangare wajen awa ɗaya da rabi ne, ga jiran da ke tsakani, don haka da wuya tafiyar ta gaza awa 4, sau da yawa ma 5 ko 6 take cinyewa. A taswira wannan wauta ce ƙarara. Amma ga abin da take saya maka: jirage da yawa a rana ta kowane ɓangare. Ka rasa na safe akwai na rana, ka rasa na rana akwai na dare. Masu iya magana sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma akwai ranakun da doguwar hanyar ce kaɗai mai tabbas. Wani abin mamaki kuma, sau da yawa tikitin zango ya fi na kai tsaye sauƙi, domin a ƙaramar hanya kamfani ɗaya ne ke cin karensa babu babbaka, kuma ya san yawancin fasinjojinsa ma'aikatarsu ce ke biya musu.

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi cutuwa. Zango iri biyu ne, kuma a shafin sayar da tikiti kamanninsu ɗaya. Akwai wanda duka ɓangarorin suna kan tikiti guda, da lambar rajista guda. A wannan, kayanka za a yi musu alama har zuwa ƙarshe, idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani jirgin ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Akwai kuma wanda wani shafi ya haɗa maka tikiti biyu na kamfanoni daban ya nuna maka su a layi ɗaya da farashi mai daɗi. Wannan na biyun na taɓa faɗawa cikinsa. Jirgin farko ya makara da minti 50, na sauka na tsaya layin duba fasfo, na jira jakata ta fito, na ja ta da gudu zuwa wancan ɓangaren filin, na tarar an rufe teburin karɓar kaya minti goma da suka wuce. Jirgin yana nan ina hango shi ta gilashi, ana zuba masa kaya. Matar da ke teburin ta duba kwamfuta ta ce, a wajensu ni fasinja ne da bai zo ba, makarar wancan jirgi kuwa ba ta shafe su ba. Gaskiyarta ce bisa ƙa'ida. Sabon tikiti na saya a wannan dare, na kwana a kujera. Tun daga ranar, duk tikitin zango sai na tabbatar lambar rajista ɗaya ce kafin na biya, idan kuwa dole ta sa na haɗa biyu, ba na barin ƙasa da awa 4 a tsakani.

Sai maganar iyaka, wadda lambar kilomita ba ta san da ita ba sam. Jirgin kai tsaye iyaka ɗaya yake tsallakar da kai. Zango yana iya sa ƙasa ta uku cikin lissafinka. A misalinmu, Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ba sa duba fasfo a tsakaninsu, Holan da Noway suna ciki, duk da cewa Noway ba ta cikin Tarayyar Turai. Ma'ana wanda ya bi ta Amsterdam a can za a duba fasfonsa a shigar da shi yankin, a Stavanger fita kawai zai yi. Layin nan na Amsterdam yana cin lokaci, kuma daga cikin lokacin canjin jirginka yake ci. Wasu ƙasashen suna neman bizar wucewa daga masu wasu fasfo ko da ba za su fita daga filin ba, Amurka kuwa ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba, duk wanda ya yada zango a can sai da izinin shiga. Kamfanin jirgi zai hana ka hawa tun daga filin farko idan takardunka ba su cika ba, domin shi za a ci tara. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka duba dokar ƙasar zango da irin fasfon da kake riƙe da shi kafin ka sayi tikiti.

Hanya ta uku ita ce a manta da jirgin sama, ko a rage rabonsa. Tsakanin Aberdeen da Stavanger wannan ba zaɓi ba ne na mai hankali, tunda jirgin ruwan fasinja da ke haɗa Newcastle da gabar yammacin Noway ya daina aiki tun 2008, wanda ya nace sai ta ƙasa zai kewaye ta Faransa ko Holan, ya ratsa Jamus da Denmak, ya kwana a hanya. Amma a kawar da tekun a sa ƙasa mai titi ko layin dogo, sai lissafi ya juye. Ko jirgin minti 40 zai yi a sama, sai ka isa fili awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, sai an bincike ka, sai ka jira kaya, sai ka nemi abin hawa zuwa cikin gari. Ka tara su ka ga ko za su gaza awa 4. A cikin awa 4 mota a titi mai kyau ta ci kilomita 300 zuwa 350, jirgin ƙasa mai sauri kuwa ya ninka haka.

An gwada ƙaryata wannan lissafi. A ƙarshen 2016 wani ƙaramin kamfani ya buɗe hanya tsakanin Altenrhein a Suwizalan da Friedrichshafen a Jamus, filaye biyu da ke kallon juna ta kan tafkin Constance, nisan kimanin kilomita 20, minti 8 a sama. Wannan jirgi ya yi suna a duniya a matsayin ɗaya daga cikin mafi gajartar tafiye-tafiyen jirgi tsakanin ƙasa da ƙasa, amma bai kai rabin shekara ba aka dakatar da shi a 2017, saboda ƙarancin fasinja. Haka Kinshasa da Brazzaville, manyan birane biyu da kogin Kwango kaɗai ya raba: akwai jiragen sama da ke tsallakawa cikin 'yan mintoci, amma yawancin mutane jirgin ruwa suke shiga, domin tashar ruwa tana tsakiyar gari, filin jirgin Kinshasa kuwa, N'djili, yana can wajen gari da cunkoson da ke hanyarsa.

Wannan ya kawo mu ga wani tarko, wato sunan fili. Nisan da aka ba ka daga titin jirgi ne zuwa titin jirgi, kai kuwa ba a titin jirgi za ka kwana ba. Dyce da Sola suna kusa da garuruwansu, kilomita 10 zuwa 15, kuma wannan yana cikin abin da ya sa jirgin kai tsaye ya yi kyau a can. Amma filin da ake kira Frankfurt-Hahn yana da nisan kimanin kilomita 120 daga Frankfurt, Beauvais da ake jingina wa Paris wajen 85, Torp da ake sayarwa da sunan Oslo sama da 100. Kamfanonin tikiti mai araha suna son irin waɗannan filaye domin kuɗin sauka kaɗan ne. Kai kuma ka sauka ƙarfe 11 na dare ka tarar bas na ƙarshe ya tafi. Alamar nan mai haruffa uku da ke kan tikiti, ita za ka saka a taswira, ka auna daga can zuwa ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Wani zai tambaya, me ya sa filaye biyu masu kusanci ba su da jirgi a tsakaninsu ko kaɗan? Ba kowane ƙaramin fili ke da jami'an shige da fice da na kwastam ba, kuma idan babu su jirgin waje ba ya sauka. Sannan tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 kowace ƙasa ita ke da iko da samaniyarta, jirgin wata ƙasa ba ya ɗaukar fasinja sai da yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, kuma irin waɗannan yarjejeniyoyi sau da yawa manyan birane kaɗai suke ambata. Turai ta buɗe kasuwarta a shekarun 1990, shi ya sa ƙananan garuruwanta suka cika da jiragen kai tsaye. Afirka ta amince da hakan a takarda a matakin Yamoussoukro na 1999, ta ƙaddamar da kasuwar jirage ta bai ɗaya a Addis Ababa a 2018, amma aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, har yanzu mai son zuwa maƙwabciyar ƙasa yakan tsinci kansa a Lome ko Abidjan ko Addis Ababa yana jiran jirgi na biyu. Wannan abu yana ci mini rai, domin ɗan kasuwa da mara lafiya da ɗalibi su ke biyan kuɗin wannan kewaye da aljihunsu da kwanakinsu.

Wuri ɗaya da lambar zaren ke da amfani kai tsaye shi ne wajen diyya. Dokar Tarayyar Turai ta 2004, wadda Noway ma ke bi kuma Birtaniya ta riƙe irinta, ta ɗora diyyar soke jirgi ko makarar awa 3 zuwa sama a kan nisa: yuro 250 idan bai wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 daga nan zuwa kilomita 3,500, yuro 600 ga doguwar tafiyar da ta haura haka, matuƙar laifin na kamfani ne ba na yanayi ba. Kotun Tarayyar ta yanke hukunci a 2017, kan wata tafiya daga Roma zuwa Hamburg ta Brussels, cewa nisan da ake ƙirgawa shi ne miƙaƙƙen layi daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta, ba jimillar kewayen ba. Don haka wanda ya yi kilomita 1,400 ta Amsterdam, a idon doka kilomita 500 ya yi.

Ni ga yadda nake yankewa. Idan teku ko manyan duwatsu ne a tsakani, kuma akwai jirgin kai tsaye da ke tashi kullum, shi zan hau ko da ya ɗan fi tsada, ko da mai farfela ne, na zaɓi kujera can baya nesa da ƙara. Idan jirgin sau biyu ko uku ne a mako kuma abin da ke jirana yana da rana tsayayya, ko dai na tafi da jirgin da ya gabaci wanda nake buƙata na kwana a can, ko na bi ta zango a kan tikiti guda. Idan ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, titin yana da kyau da aminci, iyakar ba ta tsayar da mutane wuni guda, kuma nisan bai wuce kilomita 350 ba, ba na ma buɗe shafin jirage. Tsakanin 350 da 800 ne kawai nake zama da takarda da biro, na rubuta ƙarfe nawa zan fita daga gida da ƙarfe nawa zan ajiye jaka a masauki ta kowace hanya, a ƙarƙashin kowacce kuma na rubuta yaushe ne jirgi na gaba idan wannan bai tashi ba.